Kogo mai lamba 33: na wanda ya ba da umarni ne, ko na wanda ya riƙe diga?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta bakin shagon tela, hira ta gangaro kan jirgin ƙasa. Sai na zaro waya na nuna wa mutane wani ɗan bidiyo da na ɗauka a Indiya, a layin dogon Kalka zuwa Shimla, lokacin da na raka kawuna asibiti. Bai fi minti 3 ba. Ƙaramin jirgi ne yana kutsawa cikin wani kogo da aka fasa a jikin dutse, duhu ya rufe, yara suna ihu, can kuma haske ya dawo.

Wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta da ya koyar da rabin 'yan majalisar, ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, sannan ya miƙo mini. Ya ce, "To ɗana, mene ne abin burgewa a nan? Bature ya sa talakawa sun fasa masa dutse don ya je ya sha iska, ya tattara ya tafi, su kuma har yau suna goge masa kayansa suna shafa fenti. Ai wannan bautar ce ba ta ƙare ba."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka ne," na mayar da waya aljihu. Ba a musu a bainar jama'a da wanda ya koya maka riƙe fensir. Amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni sakat, domin rabinta gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar turewa.

Ga inda na tsaya. Indiyawa sun yi daidai da suka riƙe wannan layin dogo. Sun ƙara yin daidai da suka bar jirgi yana ratsa kogon nan kullum, ba su garƙame shi sun mai da shi wurin kallo ba. Kuskurensu a wani wuri yake, wajen labarin da ake bayarwa a bakin kogon, kuma zan zo kansa.

Layin da ake magana a kai

Daga Kalka yake tashi, wani gari a gindin duwatsun Himalaya, ya hau har Shimla, babban birnin jihar Himachal Pradesh. Tsawonsa kilomita 96 ne, wato ya ɗan ɗara Kaduna zuwa Zariya. Sai dai a wannan 'yar tafiyar jirgi yana tashi daga mita 656 sama da teku zuwa sama da mita 2,000. Kogo 102 yake ratsawa, gadoji sun haura 800, kwana kuwa ta haura 900. An fara aikinsa a 1898, aka buɗe shi a watan Nuwamba na 1903, zamanin da Lord Curzon yake wakiltar Sarkin Ingila a Indiya. A 2008 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

Kowane kogo da lambarsa rubuce a goshinsa. Mai lamba 33, wanda ke manne da tashar Barog, shi ne yayansu: mita 1,143, miƙe sak kamar sanda. Saboda miƙewarsa, in ka tsaya a baki ɗaya kana hango ɗan ɗigon haske a ɗaya bakin, bai fi ƙwayar gero ba.

Mu dai yadda aka yi muka hau shi, likita ne ya ba kawu kwana 10 kafin a sake duba shi, zaman ɗaki kuma ya ishe shi. Tarago ƙarami ne, in ka miƙa hannuwa biyu kamar ka taɓa bangayensa duka. Kowane kogo aka shiga sai yara da samari su ɗau ihu da fito har a fita. A na farko kawu ya ɗaure fuska. Kafin a kai na 20 na kama shi yana murmushi. Da aka shiga na 33, ihun ya kai inda ya kai ya mutu da kansa, don numfashin yaran ya ƙare kogon bai ƙare ba. Sai ƙarar ƙarfe kawai, da warin dizal, da wani sanyi mai damshi da ke shigowa ta taga kamar an buɗe randa. Minti 2 da rabi muna ciki. Muna fitowa sai ga tasha, sai ga mai shayi.

Akwai ma wata tasha can gaba mai suna Kanoh. Kawu ya ce lallai sai na ɗauke shi hoto a gindin allon, ya nuna wa mutanen gida cewa Kano ta yi reshe a Indiya.

"Don Bature ya sha iska aka yi shi"

Wannan ba ƙarya Malam ya yi ba. Tun 1864 Turawan Ingila suka mai da Shimla hedikwatarsu ta lokacin zafi. Da zarar bazara ta kunno kai, gwamnati ɗungurungum, da manyan jami'ai da akawuna da akwatunan takardu, sai ta baro Kalkata, babban birninsu na lokacin, ta haye dutse, ba za ta sauko ba sai iska ta yi sanyi. Kafin jirgi, a keken doki da bayan alfadarai da kan mutane ake hawa da kayan. Ba wanda ya zana layin nan don manomin kan dutse ya kai dankalinsa kasuwa. An zana shi ne don kada mai mulki ya yi gumi.

Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka kogon na Bature ne.

Mu duba a nan gida. Rijiya ce mai gari azzalumi ya tilasta wa mutanen ƙauye suka haƙa don dawakinsa. Ya mutu, gidansa ya rushe. Jikokin waɗanda suka haƙa suna ɗiban ruwa a cikinta, suna yashe ta duk shekara, sun ɗaure mata baki da siminti. Wa zai zo ya ce musu bautar mai gari suke yi? In suka cike ta da ƙasa don huce haushi, mai gari ba zai ji a kabarinsa ba. Wahalar kakanninsu ce za su binne, su kuma koma sayen ruwa.

Umarni ba ya fasa dutse. Hannu ne ya fasa shi, da diga da guduma da nakiya, wasu kuma suka kwashe ɓaraguzai a kwando. Gadojin layin nan da yawa na dutse ne zalla, an jera baka a kan baka, hawa-hawa, tun daga ƙasan kwari har sama. Kowane dutse wani ne ya sassaƙa shi, wani ya ɗauko shi, wani ya ɗora. Turawa sun mori layin shekara 44, daga 1903 zuwa 1947. Indiyawa sun riƙe shi sama da shekara 75 bayan nan. Ko da lissafin shekaru za a bi, an san mai shi.

Kuma wuri ba ya tsayawa a kan niyyar wanda ya gina shi. Shimlar da aka keɓe don hutun Turawa, a can Indira Gandhi ta Indiya da Zulfikar Ali Bhutto na Pakistan suka zauna a 1972 suka sa hannu kan yarjejeniya bayan yaƙin ƙasashensu. Fadar da wakilin Sarkin Ingila yake zama yanzu cibiyar bincike ce ta malamai.

"Ɓata lokaci ne da ɓata kuɗi"

Wannan hujjar ta matasan majalisarmu ce. Ɗaya ya ce, "Yaya, awa 5 a kan kilomita 96? Ai ɗan acaɓa ma ya fi shi." Gaskiya ne, mota ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Mai gaggawa titi yake bi, kuma ba wanda ya hana shi.

Amma ba kowane abu ake aunawa da sauri ba, in ba haka ba da tuni an daina hawan sallah an koma zagaya gari a bas. Mutumin da ya baro Delhi ya zo Kalka ya nemi tikitin wannan jirgin ya san akwai mota. Jinkirin shi ya zo saya. Yana so ya ga yadda itatuwa ke sauya iri yayin da ake hawa, ya ga kan jirgin da ke jansa yana shan kwana a gabansa, ya sauka a Barog ya sha shayi. In ka faɗaɗa layin, ka miƙe kwanoninsa, ka sa jirgi mai gudu, ka kashe abin da ake zuwa dominsa, ka samu abin da titi ya riga ya ba ka.

Kuma faɗaɗawar ba kamar yadda ake faɗinta da baki take ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunan layin ƙafa 2 ce da inci 6. Daidai wannan ƙanƙantar aka fasa koguna, daidai ita aka murɗa kwanoni. Babban jirgi ba zai shiga kogo mai lamba 33 ba, ba zai sha waɗancan kwanonin ba. Wanda ya ce a "inganta" layin, abin da yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne a watsar da wannan a gina wani.

Batun kuɗi kuma, ni ban ce tikiti yana biyan abin da ake kashewa ba. Ina cewa ne an duba littafin da bai dace ba. Mai shayin Barog, mai masauki a Shimla, ɗan dako a Kalka, mai sayar da tuffa da hula ta taga, duk ba sa cikin lissafin hukumar jirgi, amma daga jirgin suke ci. Kuma ba 'yan yawon buɗe ido kaɗai ke hawa ba. Akwai taragon gama-gari mai araha. A ƙananan tashoshi na ga mata da ƙunshin kaya, da ɗalibai da jakunkuna, suna hawa a nan su sauka tasha biyu gaba, ko kallon taga ba sa yi. Wannan ya fi komai kwantar mini da hankali. Duk abin tarihin da 'yan gari suka daina amfani da shi, baƙi kaɗai ke zuwa, ya kama hanyar zama gawa mai kwalliya.

Wani abu kuma da masu son sauri ba sa faɗa. A 2018 ruwan sha ya yanke a Shimla har mutanen garin suka riƙa roƙon baƙi a kafafen sada zumunta su dakata da zuwa. Garin da aka ɗora a kan tsauni bai rasa hanyar kawo jama'a da gudu ba. Wurin ajiye motocinsu da ruwan da za su sha ne ya gagara.

"Tsohon abu haɗari ne"

A nan ne hujjata ta fi rauni, ba zan ɓoye ba. A watan Satumba na 2015 wani jirgi na musamman ya kauce daga layi jim kaɗan bayan ya bar Kalka, 'yan Ingila 2 suka rasu. A daminar 2023 ruwa ya yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Ranar 14 ga Agusta ƙasa ta zaftare a unguwar Summer Hill da ke Shimla, ta binne wani wurin bauta da mutane kusan 20 a ciki, ta kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo ta bar ƙarafuna suna reto a sama kamar igiyar shanya. Jirgi bai koma kaiwa Shimla ba sai a watan Oktoba.

Wanda ya ga hoton nan ya ce a rufe layin, ba zan kira shi wawa ba.

Sai dai a wannan daminar, sabon titin da aka faɗaɗa tsakanin Kalka da Shimla shi ma ya rufta a wani wuri da ake kira Chakki Mod, motoci suka yi kwanaki ba hanya. Mutanen yankin da dama sun ɗora laifin a kan yadda aka yanke jikin duwatsu a tsaye don a samu faɗi. Tsohon layin lallaɓa dutse ya yi, ya zagaya inda zai iya zagayawa, ya huda ƙaramin rami inda ba makawa. Ruwa bai bambance tsoho da sabo ba. Abin da ya bambanta shi ne kulawa.

Kulawar kuwa ba ta samuwa sai jirgi yana bi. A layin dogon Indiya akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya bi layi da ƙafa, guduma a kafaɗa, yana duba kowace mahaɗa, yana ɗaure abin da ya kwance. Na ga ɗaya a Barog, sanye da riga ruwan lemo, ya kunna tocila ya shige cikin kogon nan shi kaɗai. Ranar da aka daina bin layi, ranar za a sallame shi. Daga nan magudanar ruwa ta toshe ba mai yashewa, saiwar itace ta shiga tsakanin duwatsu, damina 5 kawai ta isa. Mu da muka san gidan ƙasa ba sai an yi mana dogon bayani ba: ɗakin da ake kwana a ciki ya fi wanda aka kulle daɗewa a tsaye.

Mu ma mun taɓa samun irinsa

Abin da ya sa maganar Malam ta fi yi mini ciwo ke nan. Turawan da suka shimfiɗa layin Shimla su ne suka shimfiɗa wani ƙaramin layi daga Zariya, ta Rahama da Jengre, zuwa Jos da Bukuru, don kwaso kuza. Faɗinsa ɗaya da na Shimla, ƙafa 2 da inci 6. Ya kai Bukuru a 1914. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, a 1957 aka rufe shi. Ba mu muka rufe ba, tun kafin 'yancin kai ne, wannan kam a faɗa. Abin da ya saura sai 'yan kawunan jirgi da taragai da aka ajiye a gidan tarihi na Jos.

To, da aka cire shi, wane 'yanci ya ƙaru? Kuzar dai ta tafi. Abin da ya ɓace shi ne shaidar cewa kakannin wasu sun yi dakon ƙasa a ka har jirgi ya hau tsaunin Filato. Tambayi saurayi a Zariya yau ko ya san an taɓa shiga jirgi daga garinsu kai tsaye zuwa Jos, ka ga kallon da zai yi maka. Ba wanda ya rama wa kakanninmu komai da wannan mantuwar.

Dattawan da suka yi aikin reluwe kuma suna tuna cewa a wajajen 1979 zuwa 1982 Indiyawa aka ɗauko suka riƙe mana hukumar jiragen ƙasa. Mutanen da Malam yake gani bayi masu goge kayan Bature, da wannan gogewar suka koyi aikin har muka biya su kuɗi su zo su gyara namu.

Inda Malam ya fi ni gaskiya

Yanzu ga laifin da na ce zan zo kansa. Da ka sauka a Barog, labari ɗaya za a tare ka da shi. Wai wani injiniya Bature, Kanar Barog, shi aka ba aikin kogon. Ya sa aka fara haƙa ta gefe biyu don a haɗu a tsakiya, lissafi ya kuskure, ramukan suka saɓa. Gwamnati ta ci shi tarar rufi 1, kuɗin Indiya, kunya ta ishe shi, ya fita yawo da karensa ya harbe kansa. Wai har yau fatalwarsa tana zagaya wurin, amma ba ta cutar da kowa, hira ma take so. Za a ma nuna maka hanyar da za ka bi cikin daji ka ga bakin ramin da aka watsar.

Labari ne mai daɗi, na baka, irin wanda ke ƙara kitse duk lokacin da aka maimaita shi. Masu yi wa baƙi jagora suna son sa don yana sayuwa. Amma dubi abin da ya yi. Kogon da ɗaruruwan hannaye suka fasa, an tattara shi an miƙa wa Bature ɗaya, kuma ma wanda labarin da kansa ya ce bai iya aikin ba. An ba shi sunan tasha, an ba shi tausayi, har fatalwa an ba shi. Waɗanda suka shaƙi ƙura a cikin duhun nan, da fitilar hannu, ko a tatsuniya ba su samu gurbi ba.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan shafewar, wani ɗan yankin mai suna Bhalku. Ana cewa bai yi boko ba, da sanda yake bubbuga dutse ya saurara, ya nuna wa babban injiniyan layin, H. S. Harrington, inda za a bi. A 2011 aka buɗe ɗan gidan tarihin jirgi a Shimla da sunansa. Madalla da hakan. Amma sai da aka shekara 108 kafin a yi, kuma shi ma sai da aka lulluɓe shi da karamomi, aka mai da shi kamar waliyyi, sannan aka yarda a tuna da shi. Kamar dai talaka ba zai san dutse don ya girma a kansa ba, sai an ce baiwa ce ta sauko masa.

In da Malam cewa ya yi bautar da ta rage tana cikin labarin, da ban yi masa musu ko a zuci ba. A labarin take, ba a fenti ba. Gyaranta kuma ba ya buƙatar a toshe kogo. Allo ne a bakin tasha, da darasi a makarantun garuruwan da ke kan layin, irin su Solan da Shimla, da mai jagora da zai fara da leburori kafin ya kai ga Kanar.

Kawuna magini ne, shekara 40 yana ɗora bulo kafin ciwo ya zaunar da shi. Da jirgi ya tsaya a Barog, bai bi ta kan shayi ba. Ya taka a hankali har ƙarshen dandamalin tasha, kusa da bakin kogon, ya ɗaga kai yana bin jerin duwatsun da ido, tun daga ƙasa har inda suka lanƙwasa suka haɗu a sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Wanda ya jera wannan ya san aikinsa. Kai, je ka tambayo mini sunansa."

Na ce, "Kawu, ai an fi shekara 100."

Ya ce, "Ka dai tambayo."

Na je wurin mai shayi, na haɗa ɗan Turancina da nuni da hannu, na tambaye shi wa ya gina bakin kogon nan. Ko ɗagowa bai yi daga tukunyarsa ba. Ya ce, "Kanar Barog."